Rifkatu, Har Yanzu Sunanki Yana Kan Aikinmu

Zuwa ga ƙawata Rifkatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jikin Mama? Allah ya ba ta sauƙi. Na rubuto miki a nan inda kowa zai gani, ba don ina son tallata halin da kuke ciki ba. Layinki a kashe yake tun tsakiyar zangon karatun nan, sunan ƙauyenku kuma ban sani ba, na dai san a bayan Pankshin yake. Wataƙila wani ɗan garinku ya karanta ya nuna miki.

Kin tuna ranar da muka fara kwas ɗin lissafi da kwamfuta a aji uku? Dakta, malamin kwas ɗin, ya ce a fiziks akwai lissafin da biro da takarda ba za su taɓa warware shi ba, sai dai a yayyanka lokaci ƙanana-ƙanana, a sa kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kai kusa da amsa. Ni ina da laftof amma tsoronta nake ji. Ke ba ki da ita, amma kin gane abin tun kafin ya goge allo. Kika jawo kujera kusa da ni kika ce, "Bilki, kwamfuta ba shi da wayo fa. Abin da ka gaya masa shi zai yi." Na yi ta gyara miki cewa ni "kin" ce ba "ka" ba, har na gaji na bari.

Duk Juma'a idan za mu koma gida, sai kin sa mun sauka a Zuba mun sayi lemo. Kina ɓarewa kina yi mini bayanin yadda ake sa kwamfuta ta maimaita lissafi, mutanen cikin bas suna kallonmu kamar masu faɗa.

Da aka raba aikin ƙarshen kwas mutum bibbiyu, namu ya faɗo kan sandar ƙarfe: idan an sa bakinta ɗaya a wuta, yaya zafin zai ratsa zuwa ɗaya bakin? Kin rubuta kusan rabin firogiram ɗin a ɗakin kwamfuta lokacin da aka kira ki daga kasuwar Kado, aka ce Mama ta yanke jiki ta faɗi a rumfarta ta kifi. Abin da kika ce mini a bakin ƙofa shi ne, "Kar ka taɓa komai, zan dawo mu gama."

Na jira, Rifkatu. Da lokaci ya ƙure na ci gaba ni kaɗai, sai abin ya rikice. Kwamfuta ta ce tsakiyar sandar ta fi rana zafi, gefenta kuma ya fi ƙanƙara sanyi. Daga nan lambobin suka yi ta kumbura har suka daina zama lambobi. Na duba baƙaƙe, na duba waƙafi, ban ga kuskure ba. 'Yan aji suka ce in sa manhajar waya ta rubuta mini sabo mana, amma kin san Dakta layi-layi yake tambaya. Kuma sabo yana nufin in goge naki.

Umma ta fara cewa na rame. A gidanmu na Kurudu idan an ɗauke wuta, sai in zauna a tsakar gida da biro ina bin lissafin da hannu, mataki-mataki, kamar yadda kike yi. A haka na gano. Ashe babu kuskure a abin da kika rubuta. Tazarar lokacin da na zaɓa ce ta yi wa ƙananan sassan da muka raba sandar girma, shi ya sa ƙaramin kuskure ke ninkuwa a kowane zagaye. Na rage ta, zafin ya kwanta sumul daga baki zuwa baki. Na ɗauki waya na kira ki, muryar matar nan ta kamfanin waya ta sake ce mini lambar a kashe take.

Ranar gabatar da aiki na tsaya ni kaɗai. Na amsa abin da na iya, na yi tuntuɓe a wasu. Dakta ya ga sunaye biyu a allo ya ce in cire naki, wai wanda bai zo ba ba shi da maki. Na ce masa rabin layukan nan hannunki ne ya rubuta su, ba zan iya cewa nawa ne ba. Ya bar sunan, amma bai sa maki a gabansa ba.

Ga dalilin wasiƙar nan. Shugaban sashenmu ya ce za a iya ɗage miki karatun zuwa baɗi, ki dawo daga inda kika tsaya, amma sai kin zo da kanki kafin a fara jarrabawa. In aka fara ba ki zo ba, za a rubuta cewa kin bar makaranta. Jarrabawar kuwa ta matso.

Na je Kado neman labarinku. Na tarar da wata a rumfar Mama. Maƙwabciyarta, dattijuwar nan mai ƙyafa tarwaɗa, ta ce mini da irin Hausarki game da Mama, "Sun kai shi gida, bakin ya karkace, ba ya magana. Rifkatu ne yake ɗaga shi, yake kwantar da shi." Ta kuma ce ta ji kawunki yana cewa zancen makaranta ya ƙare. Wannan maganar ita ta fi damuna, don ban sani ba ko tasa ce shi kaɗai, ko kin amince.

Ba cewa nake ki bar Mama ba, ni ma da ni ce ba zan bar tawa ba. Kwana ɗaya kawai nake roƙo. Baba ya ce zai kai mu makarantar da motarsa, ya mayar da ke tasha a ranar. Umma ta ce ki sauka a gidanmu. In kuma kin yanke shawarar ba za ki dawo ba, ki ari wayar wani ki faɗa mini da bakinki. Zai yi mini ciwo, amma ya fi wannan shirun.

Allah ya tashi kafaɗun Mama, ya mayar mata da maganarta. Allah ya ba ki ƙarfin jinya, ya sa wannan saƙo ya riske ki da sauran lokaci. Lambata ba ta canja ba.

Taki har kullum,
Bilkisu
Kurudu, Abuja