Na Goge Amsoshin, Amma Shafin Bai Manta Ba

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni ƙaramar malama ce a sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'a. Shugaban sashenmu, wanda shi ya koyar da ni kuma ya tsaya mini na samu aikin, ya ɗora mini nauyin saka darussa a shafin ɗalibai na intanet. Ranar da zan saka su ina sauri, 'yata ba lafiya, na kwashi fayilolinsa gaba ɗaya na tura, ashe har da amsoshin jarrabawa. Da na lura sai na goge, na ja bakina na yi shiru. Ni da nake koya wa ɗalibai cewa shafin yana ajiye tarihin duk abin da aka taɓa sakawa, ni ce na manta!

Wani ɗalibi da ake ce wa Gwani ya tono su, ya raba wa abokansa. Yanzu an ce kutse ya yi wa kwamfutar shugaba, kuma hukuncin kutse kora ne. Shekararsa ta ƙarshe ke nan. Jiya na tarar da mahaifiyarsa a bencin ƙofar ofis, ta gaishe ni har da rusunawa, wai in sa baki. Wallahi na kasa kallon idonta. Amma Anti, ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, ga kunyar malamina. Yaya zan yi?

Malama Mai Nadama

Ƙanwata, tsoronki ba abin zargi ba ne, kuma kowa yana kuskure. Shi ma Gwani ba a wanke shi tas ba. Ya san amsoshin ba nasa ba ne ya raba, ya cancanci horo. Sai dai horon abin da ya aikata, ba na kutse ba.

Kafin kwamitin ladabtarwa ya zauna, ki sami shugabanku ku biyu. Ki buɗe masa tarihin shafin ya gani da idonsa, sannan ki rubuta wa kwamitin bayani. Za ki sha faɗa, wataƙila har takardar gargaɗi, ban yi miki alkawarin sauƙi ba. Nan gaba kuma ki ware amsoshi daban da darussa tun daga kwamfutarki.

Ki lura da wannan: in dai shafin yana ajiye komai kamar yadda kika ce, to ya ajiye sunan wadda ta saka amsoshin. Gwani ya gani, kuma ga kora a gabansa, bai ambace ki ba. Kada ki bari ɗalibinki ya ci gaba da rufa miki asiri da karatunsa.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya ƙara wa 'yarki lafiya.