Gawon Gonar Baba

Yaya Ilu, gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kano? Allah ya sa ƙafar Inna ta yi sauƙi. Mu nan Dungas lafiya lau.

Wani saurayin Bature ya zo garinmu don raɗin kansa, wai taimakon samari. Ba laifi, yana cin tuwonmu, yana fita gayya, har hannunsa ya yi kanta. Amma jiya ya kwaso samari da gatura zai sare gawon gonar Baba, wai filin ƙwallo zai yi musu. Na jingina da itacen na ce, "Bature, ƙarƙashin gawon nan geronmu ya fi kyau, 'ya'yansa awakinmu ke ci da rani. Fara sara ta kaina." Samarin suka ajiye gatura.

Yanzu kumandan mai mulkin yankinmu na nemana a Magariya kan maganar. Zan je da ƙafata, amma ba zan ba kowa haƙuri ba. Ku sa ni a addu'a, a gaida su Rabi. In ka dawo ba ka tarar da ni ba, za ka tarar da gawon.

Ƙaninka, Habu