Faya-fayan Kaka Ba Za Su Sauka Ba

Turawa, Karaye.

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zaman Legas? Mu nan lafiya lau, har an yanke gero.

Yaya, an yi wa ɗakin Inna sabon yaɓe. Sai Kawu Sule ya kawo mata wani babban hoto mai gilashi daga kasuwar Rogo, hoton wani gida a cikin ƙanƙara. Ya ce a sauke faya-fayan nan uku da marigayiya Kaka ta saƙa, a riƙa rufe fura da su, a kafa hoton a gurbinsu.

Kin san ba na iya magana a gaban manya. Amma ranar na ja mayafi na rufe fuska, na ce, "Kawu, wa muka sani a gidan ƙanƙarar?"

Ya tuntsire da dariya, ya ce, "Au, ashe bebiyar gidan nan tana da baki!"

Inna ta ce bakin ɗaya daga cikin faya-fayan ya warware, amma in na gyara shi kafin Juma'a, za su zauna. Ban iya saƙa ba, shi ya sa kullum ina wajen Gwaggo Dije da kaba da basilla. Yatsuna duk sun sha suka, amma saura kaɗan.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. In kin zo Sallah ki ɗaga kai, in sha Allahu za ki gan su inda Kaka ta bar su.

Ƙanwarki,
Rabi