Rawanin Subeda Balkar Singh

Ƙulin-ƙulifita, ku cinka: wane rawani ne mai shi ba ya tuɓe shi gaban sarki, ba ya tuɓe shi gaban janar, amma bai taɓa yin daraja ba kamar ranar da aka gan shi a warware? Ku riƙe ta a kumatu kamar goro har in gama.

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Matan Zango da Arewa Mazauna Doha, ƙarƙashin jagorancin Uwar Ƙungiya, Magajiya Hajiya Haulatu Ɗalhatu, tare da dattawanta da ɗaukacin 'ya'yanta, ta samu labarin rasuwar maƙwabcinmu, jarumi, uban masu gadi, tsohon sojan ƙasar Indiya, Subeda Balkar Singh Cheema mai ritaya, wanda ya cika a asibiti sakamakon hayaƙin da ya shaƙa a gobarar da ta tashi da tsakar rana a benen da yake shugabantar masu gadinsa a unguwar Bin Mahmud. Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maiɗakinsa, Uwargida Harjit Kaur, da 'yarsa Manpreet, da dangi baki ɗaya a ƙauyensu na ƙasar Punjab, da tsofaffin abokan aikinsa na soja, da yaranmu da suka yi gadi a ƙarƙashinsa.

Ni kakakin ƙungiya, karatuna bai yi nisa ba, don haka sai da na tambaya kafin in san mene ne Subeda. Aka ce mini shi ne dattijon rundunar da ke tsakanin manyan hafsoshi da ƙananan sojoji, wanda na sama ke jin shawararsa, na ƙasa ke kai masa kuka. Marigayin ya yi ƙuruciyarsa a kan duwatsun arewacin ƙasarsu, inda sanyi ke cinye yatsun mutum yana ji yana gani, kuma abokinsa na soja da ya zo gaisuwa ya shaida mana cewa a can ya taɓa goyo wani yaronsa da aka raunata, ya sauko da shi, alhali shi ma jini na zuba a cinyarsa. Daga baya aka tura shi aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo, inda ya zauna da sojojin Ghana da na Najeriya, ya kwaso Hausa 'yar cikin cokali, ya riƙa yayyafa mana ita ba a kan ƙa'ida ba: da sassafe sai ya ce maka sannu da gajiya.

Da ya ajiye kaki ya zo Doha, bai ajiye halin ba. Yaranmu sun shaida cewa ba ya sa hannu a kwano sai kowa ya ci, ba ya shiga inuwa sai ya zagaya ya ga wanda ke tsaye a rana ya sha ruwa, kuma in azumi ya kama shi ke tsayuwa a ƙofa da magariba don su je su sha ruwa a nutse. Ya haɗa su biyu-biyu, kowa da ɗan'uwansa, wai a soja ba a tambayar mutum ina kake, sai dai ina ɗan'uwanka. In kafil, wato ubangidan da ya ɗauke su aiki, ya taso da faɗa, shi ke shiga gaba ya shanye, sannan ya juyo ya yi musu nasa faɗan, wanda suka ce ya fi na kafil zafi amma ba ya kwana.

Mu kuwa matan Zango, da farko kuskure muka tafka. Mun ga gemu fari tas, mun ga rawani shuɗi an naɗa shi tsaf kamar za a je naɗin sarauta, sai muka riƙa rusunawa muna Allah gafarta Malam, har Awawu mai waken shinkafa, 'yar Kumasi, ta tura masa jikarta ya tofa mata addu'a. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce shi mabiyin addinin Sikh ne, ba sa aski, ba sa buɗe kai a bainar jama'a, rawanin nan shi ne mutuncin namiji a wurinsu. Ni dai na ce, khalas, shi ke nan, suna ya riga ya kama ka, kai ne Malam na ƙofa. Har ya bar duniya haka nake kiransa, shi kuma yana ce mini Hajiya Kwamanda.

To, ga dalilin da ya sa muka fito da wannan sanarwa a fili, ba mu tsaya ga gaisuwar waya ba. Ranar gobarar wani mai ɗan karen sauri ya ɗauki hoton marigayin lokacin da 'yan kwana-kwana suka fito da shi, kansa a buɗe, farin gashinsa ya zubo har kafaɗa. Hoton ya yi yawo a wayoyi, wasu marasa ta-ido suna rubuta shaƙiyanci a ƙasansa, har ya kai ƙauyensu. Mun samu labarin cewa Uwargida Harjit ba ta tambayi yadda ya cika ba, abu ɗaya take ta tambaya: wa ya cire masa rawani?

Uwargida, babu wanda ya cire masa. Ba a haifi mai wannan ƙarfin halin ba a Bin Mahmud. Da hayaƙi ya toshe matakala, shi yana ƙasa, a waje, cikin iska mai kyau. Ya duba yaransa ya ga Mas'udu, ɗan Gusau, babu shi, domin ya hau sama buga wa mutane ƙofa. Sai ya bi shi. Ya same shi a hawa na biyu tare da Awawu da jikarta Nafeesa, wadda dai aka taɓa kai masa neman tofi, ba gaba ba baya. Babu igiya, babu tsani. Mas'udu ya rantse mana cewa dattijon bai yi ko jim ba: ya kai hannu kansa, ya warware rawanin da hannunsa, ya naɗe bakin rawanin ɗaya a ƙugunsa, ya tokare ƙafa a bangon taga, ya zura su ɗaya bayan ɗaya zuwa rufin kantin da ke ƙasa. Yarinya ta fara sauka, sai kakarta, wadda ba ƙaramar mace ba ce, Allah ya sani ita ma ta sani. Mas'udu ya ce Baba sauka in riƙe maka, shi kuwa ya daka masa tsawa irin ta fareti, yalla, maza sauka, babba ne ke fita a ƙarshe. Da ya rage shi kaɗai, babu mai riƙe masa.

Don haka muna kira ga duk mai wannan hoto a wayarsa da ya goge shi, ko kuwa in ya zama dole ya tura, to ya haɗa da wannan bayani. Masu yi masa dariya, ku taɓa kawunanku: hulunanku na nan daram, sai ku gaya mana wa suka taɓa ceta. Masu cewa kuma ina ruwan ƙungiyar Musulmi da makokin wanda ba Musulmi ba, mun ji ku, mun tambayi malamanmu, sun ce haƙƙin maƙwabci bai tambayi addininsa ba. Makomarsa tana hannun Mahaliccinsa, ba a hannunmu ba, ba kuma a zauren WhatsApp ba. Abin da idonmu ya gani shi muke shaida, kuma ba za mu janye ko wasali ɗaya ba.

Muna roƙon Allah ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya raya Manpreet bisa halin ubanta, ya sanya musu sanyi a zuciya kamar yadda ya sanya mana a gidaje biyu, na Awawu da na Mas'udu. Rawanin yana hannun Mas'udu. Mun so mu wanke, dattawan mutanensa suka ce a bar shi yadda yake, da baƙin hayaƙinsa da shatin hannuwa, kuma, Uwargida, ɗan ƙanen marigayin zai kawo miki shi a ninke.

Amsar kacici-kacici: shuɗin rawanin Subeda Balkar Singh ne. Mutum uku suka sauko ta jikinsa, dukansu suna raye.

Sa hannu:
Hajiya Zalihatu Abdul-Ganiyu
Kakakin Ƙungiyar Matan Zango da Arewa Mazauna Doha
Nu'aija, Doha