Layi Biyu a Bayan Kunne

Litinin, 3 ga Maris

Yau a shago ba a yi hirar ƙwallo ba, hirar doka aka yi. Rediyo ya ce majalisar tarayya ta gama da dokar 'yan daba, har an sa mata hannu. Wai mutum uku ko fiye, in suna da suna ɗaya ko alama ɗaya, kuma aka kama wasunsu da laifi, to sun zama gungu. Wanda aka tabbatar ɗan gungu ne, shekara goma.

Ni ukun nan ne ya tsaya min a rai. Me ya sa uku? Wa ya zauna ya ce biyu sun yi kaɗan, huɗu sun yi yawa? Na tambayi Lauya ina cikin gyara masa gemu, ya ce in ban daina tambaya da reza a wuyansa ba zai canza shago. Shekara tara ke nan yana faɗin haka.

Mai kemis na kusa da ni ya leƙo ya ce ko shekara hamsin aka yi bai ƙi ba. Tun da 'yan Bayan Tasha suka sare shi bara, yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, da haƙori yake buɗe kwalbar magani.

Laraba, 5 ga Maris

Lauya ya kawo min kwafin dokar, shafi goma sha ɗaya. Ya ce in karanta in bar shi ya huta. Ina karantawa tsakanin kai da kai. Jimla ɗaya sai ta ci rabin shafi ba ta numfasa ba. Su waɗannan mutane haka suke wa matansu magana a gida?

Asabar, 8 ga Maris

Na aske kai talatin da ɗaya. Bayana kamar an taka. Ban karanta komai ba.

Talata, 11 ga Maris

Na kai shafi na huɗu, inda suka jera abin da ake kira alama: launin kaya, zanen jiki, gaisuwar hannu, salon aski. Aski! Na kwashe da dariya har mutumin da ke kan kujera ya shafa kansa, ya ɗauka na yi masa ɓarna. Ashe mu ma mun shiga dokar tarayya. Ina ma Baba yana raye, shi da ya ce sana'ar nan ba inda za ta kai ni.

Da na koma gida na ba uwar yara labari. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To kai da layukan nan naka fa?"

Layukan: guda biyu ne ƙanana a bayan kunnen hagu, da reza. Asalinsu kuskure ne. Shekara goma sha biyu da suka wuce hannuna ya zame a kan wani ango, na ƙara na biyu don ya yi kamar da gangan. Ya je wurin biki aka yi ta tambayarsa. Tun daga nan in na gama aski sai a ce, "Maigida, sa min hannu." Malamin lissafi yana da su. Nas ɗin asibiti yana da su. Har da wani ɗan sandan hanya. Na ce mata wannan ai talla ce, ba daba ba. Ta ce Allah ya sa.

Juma'a, 14 ga Maris

An kama Gajere.

Asabar, 15 ga Maris

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba. Gajere ɗan Yaya ne, shi kaɗai ne namiji a wurinta, shekararsa ashirin da huɗu, direban bas. Ya fi kowa tsawo a dangi, sunan ne ya bi shi tun yana rarrafe. Ni na yi masa askin farko, ya yi min fitsari a cinya.

An yi kame a bayan tasha da la'asar, mutum goma sha bakwai, yana cikin bas yana jiran layinsa suka sauko da shi. Ba wuƙa a jikinsa, ba komai. Abin da suka rubuta: yana ɗauke da alamar gungu. Alamar kuwa layi biyu a bayan kunnen hagu.

Yaya ta zo shago ko mayafi ba ta daidaita ba, ta zauna a benci a gaban mutane. Ta ce, "Kai ka zana masa, kai za ka fito min da shi." Na ce Yaya kwantar da hankalinki, rabin unguwar nan da layin nan suke yawo. Ta ce rabin unguwa ba ita ta haife su ba.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma wallahi a ƙarƙashin tsoron wani abu yana ta cina: yaushe 'yan Bayan Tasha suka mai da aikina tutarsu, ni ban sani ba?

Talata, 18 ga Maris

Malamin lissafi ya zo da hula har kunne, ya ce in kwashe kan duka, tal. Bayansa nas. Kafin azahar na share sa hannuna daga kai bakwai. Ɗan sandan hanya bai zo ba, na ji a wani shagon ya yi nasa.

Alhamis, 20 ga Maris

Lauya ya karɓi shari'ar. Ya ce aikin mai sauƙi ne in na yarda na tsaya shaida: in ce ni na ƙirƙiro layin, ni nake yi wa kowa, ni na yi wa Gajere a matsayin ɗan 'yar'uwata. In alamar ta faɗi, ba abin da ya rage a kansa.

Sai dai ya nuna min shafi na bakwai, wanda ban kai ba. Wanda ya taimaki gungu da saninsa, shi ma akwai nasa rabon. Na ce to ni da sanina ne? Ya ce, "Kai za ka faɗa min." Na ce ta ina alƙali yake gane abin da mutum ya sani a cikinsa? Ya ce da ya san wannan da tuni ya sayi mota.

Uwar yara ta ce in tuna ina da 'ya'ya huɗu. Na ce Yaya kuma ɗa namiji ɗaya gare ta. Ta dai ajiye min abinci da ƙarfi.

Lahadi, 23 ga Maris

Na rufe shago da wuri na taka har bayan tasha. Ban gaya wa kowa ba. So nake kawai in gani.

Akwai wani mai aski a can, a rumfar kwano, da madubi fasasshe da kujerar roba. Na zauna kamar mai jiran layi. Hannunsa ba laifi, amma yana danna reza da yawa, kuma ba ya canza ta. Na ce masa ko yana yin layi biyun nan da ake yayi? Ya kalle ni ta madubi ya ce, "Baba, wannan ba a saya. Sai an ce a yi maka." Na ce wa ke cewa? Ya ce ai tambayata ta yi yawa. Na ce haka kowa ke faɗa.

Na dawo raina a jagule. Wani ɓangare na haushi ne, an sace min aiki ko sannu babu. Wani ɓangaren kuma, Allah ya yafe min, har da ɗan jin kai: duk garin nan ba su ga abin ɗauka ba sai nawa.

Laraba, 26 ga Maris

Mun je gidan yari ganin Gajere ni da Yaya. Gashi ya toho ya rufe komai. Ya rame. Ya ce, "Kawu, yaya shago?" Sai kallon teburi yake. Na ɗauka kunya ce.

Talata, 1 ga Afrilu

Lauya ya kira ni ofishinsa in ga takardun da masu ƙara za su gabatar. A ciki akwai hoton da aka ɗauki Gajere ranar kamu, ta gefe, an matso da kunnen sosai.

Na daɗe ina kallo.

Ni bahago ne. Layina daga sama yake farawa da kauri, ya sauko ya sirance wajen kunne, don haka hannuna yake tafiya. Na hoton nan daga ƙasa ya fara, kaurin yana wajen kunne. Kuma an danna reza har fata ta yi ja. Ni ban taɓa fitar wa mutum ja a wurin nan ba, ko ina koyo.

Sai na tsaya lissafi. Rabon Gajere da kujerata tun kafin sabuwar shekara. Layin reza kwana goma yake yi ya ɓace. Yaya aka yi ban yi wannan lissafin ba tun ranar farko? Ni da nake ƙirga shafin doka.

Lauya ya ce, "Lafiya?" Na ce hoton ne bai fito da kyau ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Sai an ce a yi maka. Haka mai rumfar ya ce.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na yanki mutum a kunne yau. Rabona da haka na manta.

Ina ta juya abin. Wataƙila ya je can ne don kusa da tasha, ya ce a yi masa irin na kawunsa. Wataƙila tilasta masa suka yi, direba ai dole ya zauna lafiya da masu wurin. Wataƙila kuma... To yaushe? Yana ina ranar da aka sari mai kemis? Wa zan tambaya? In na tambayi Lauya na ɗaure masa hannu. In na tambayi Yaya na kashe ta. Shi kuma Gajere ba a barin mu mu kaɗai, akwai ma'aikaci a tsaye.

Mai kemis ya kawo min filasta don kunnen mutumin. Ya ce ya ji zan yi shaida, Allah ya fitar da yaron in ba ruwansa. Na ce amin. Na kasa kallon hannunsa.

Litinin, 21 ga Afrilu

An ɗaga zaman kotu. Yaya ta fara hawan jini. Kullum sai ta aiko min da abinci, ita da ba ta taɓa yi ba. Ba na iya ci.

Na karanta shafi na tara, hukuncin shaidar ƙarya. Wannan jimlar gajeriya ce, ba su wahalar da kowa ba.

Talata, 6 ga Mayu

Kotu. Ɗakin bai kai yadda nake zato ba, fanka ɗaya ce ke aiki. Alƙalin yana da sanƙo, wanda yake masa aski yana barin gefen dama ya fi na hagu. Abin da na tsaya kallo ke nan, don kada in kalli Gajere.

Na yi rantsuwa. Na ba da labarin ango, aka yi dariya. Malamin lissafi ya zo, Allah ya saka masa, ya ce shekara shida yana yawo da layin. Sai mai gabatar da ƙara ta miƙo min hoton. Ta ce in duba da kyau. Ta ce, "Wannan da ke kan wanda ake tuhuma, kai ka yi shi da hannunka?"

Da ta san aski da ta ce in riƙe biro ta ga hannun da zan miƙa. Ba ta sani ba. Duk ɗakin nan mutum biyu ne suka sani, ni da Gajere.

Na ce, "Ni na yi."

Ta ce yaushe? Na ce kwana huɗu kafin a kama shi, da safe, kafin ya fita da mota. Ban san daga ina ranar ta zo min ba. Muryata ko rawa ba ta yi ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Talata, 13 ga Mayu

An sake shi. Yaya ta faɗi a bakin kotu tana kuka, ta riƙe min ƙafa, ita da ta goya ni. Na ce Yaya tashi mutane na kallo.

Goma sha ɗaya daga cikin sauran an wuce da su gidan yari.

Asabar, 17 ga Mayu

Gajere ya zo da safe kafin kowa, ina cikin shara. Ya gaishe ni har ƙasa, ya hau kujera ba tare da na ce ba. Gashin wata biyu, duk ya cukurkuɗe. Na yafa masa ƙyalle, na ɗaure a wuya. Muka haɗa ido a madubi.

Ya ce, "Kawu, game da hoton nan. Akwai abin da ya kamata ka sani."

Mai kemis yana waje yana ta fama da kwaɗon shagonsa da hannu ɗaya, ina jin ƙarar.

Na ce, "Sunkuyar da kai." Na kunna injin. Tsohon ne, mai ƙara, sabon yana caji. Ya sake cewa wani abu, na ga bakinsa yana motsi. Na bi kan a hankali, na kwashe shi tas, na shafa masa sifirit, na kaɗe masa wuya. Da na kashe injin ya riga ya yi shiru.

Na ce ya gaida Yaya, ya ce mata ta riƙa shan maganinta.

Ba wai ba na son sani ba ne. Asabar ce, mutane na hanya.