Hoton da Za Ki Nuna wa Mama

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama? Ina Baba da Auta?

Ni lafiya lau nake a sansanin horon nan, sai dai an dakatar da ni daga gudu. Ƙashin ƙaurina ne ya tsage, alhali ko faɗuwa ban yi ba. Likita ta ce yunwa ce ta cinye shi.

Kullum da safe koci yana ɗora mu kan sikeli a gaban kowa. Shi ya sa nake juye rabin abincina a shara, in sha ruwa in fita fili. Wata bakwai ban ga al'adata ba. 'Yan matan nan har barka suka yi min, wai alamar na dage ke nan. Ni ma na yi murna, Yaya. Da na gaya wa likitar, ajiye biro ta yi.

Yanzu ina ci, kodayake cokalin nauyi yake min. Ki sa ni a addu'a.

Na ji Auta ta fara gudu a makaranta. Don Allah ki riƙa zama da ita har ta cinye abincinta.

Hoton da na saka a ciki na bara ne. Shi za ki nuna wa Mama.

Ƙanwarki