Kifin Da Ya Zo Kai Ɗaya

Doha, 3 ga Maris

Ƙanina Ja'afaru,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna, ya mutanen Yawuri?

Na ji har yau kana watsa wa tarwada abinci a kwami. Haba! Jikan masunta ya koma kiwon kifi kamar kaji?

Ni kam kafil ɗina, wato ubangidan da ya kawo ni nan, mai gidan abinci a kasuwar Souq Waqif, ya ɗauke ni daga tuƙi ya ba ni sayen kifi, don na ce masa a kwalekwale aka haife ni. Akwai wani kifi, sha'am, faffaɗa kamar karfasa. Na teku ya yi wuya, jiragen masuntan garin Wakrah kaɗan suke kamowa, sauran na kiwo ne daga ƙasashen waje. Kafil ɗin kuwa ya rantse na teku za a ci a bikin 'yarsa. Ga hoton irin wanda na zaɓa, ɓul-ɓul. Kalla ka ga kifi.

Yayanka,
Muttaka

Yawuri, 5 ga Maris

Yaya,

Muna lafiya, Inna na gaishe ka.

Na ga hoton. Kwando guda duk kai ɗaya, kamar 'yan makaranta a layi! Yaushe taru ya taɓa fito da haka? Dubi tumbinsu, dubi wutsiyar duk ta goge. Ciyar da su aka yi, Yaya. Na ruwan Allah ramamme ne, wani babba wani ƙarami. Kwalekwalen da kake faɗa, rabonka da shi tun kana shekara tara. Ka canza tun da wuri.

Ka huta lafiya,
Ja'afaru

Doha, 6 ga Maris

Ja'afaru,

Sannu malamin teku! Wanda bai taɓa ganin ruwan gishiri ba. A gidanmu wa ya taɓa ajiye kifi mai ƙiba ya ɗauki ramamme? Da Baba ne, da ya mare shi. Hassada ce ke cin ka. Khalas, shi ke nan, ka ji da kwaminka.

Muttaka

Doha, 14 ga Maris

Ƙanina,

Ina gaisuwa. An yi bikin. Ashe kakan ango tsohon masunci ne. Loma ɗaya ya yi, ya ture farantin a gaban mutane, ya ce na kiwo ne.

An karɓe sayen kifin daga hannuna, motar ma an ba wani. Wallahi na ji kunya. Kada ka gaya wa Inna.

Kwamin nan naka, mutum nawa yake ɗauka aiki?

Yayanka,
Muttaka